Rubutun Ma'aikatan Jinya a Kwamfutar Asibiti Yana Buƙatar Gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi duk wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti ko ya yi jinyar wani nasa, ko da yake ba kasafai ake jin sa a bakin mutane ba. Al'amarin shi ne ingancin bayanan da ma'aikatan jinya suke shigarwa a kundin marar lafiya, musamman yanzu da asibitoci a ƙasashe da dama suke ajiye takarda da biro suna komawa kwamfuta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki da folda ta takarda, na kuma yi aiki da kwamfuta, kuma abin da na lura da shi shi ne duk lokacin da aka tayar da maganar wannan sauyi, sai hankali ya tafi kan sayen na'urori da manhaja da ja wayoyi, a bar tambayoyin da suka fi nauyi, wato mene ne ake rubutawa a ciki, yaushe aka rubuta shi, gaskiya ne ko kuwa an cika gurbi ne kawai, sannan wa ya karanta shi ya yi aiki da shi.

Likita yakan zo zagaye ya duba marar lafiya na 'yan mintuna ya wuce, mai gwaji jini ko fitsari kawai yake gani a kwalba, mai ba da magani kuma takardar magani ce a gabansa. Nas ita ce take tare da wanda aka kwantar dare da rana, saboda haka kaso mai tsoka na abin da ke cikin kundinsa daga hannunta yake fitowa: zafin jiki, bugun jini, awon jini, numfashi, ruwan da aka ƙara masa da fitsarin da ya fitar, maganin da ya sha da wanda ya amayar, yanayin raunin da aka wanke, da ko ya yi barci ko ya kwana yana juyi. Mutum na farko da wannan rubutu zai yi wa amfani shi ne abokin aikin da zai karɓi ɗakin da dare, wanda bai ga marar lafiyan da safe ba, kuma ba shi da wata hanyar sanin abin da ya faru sai abin da aka faɗa masa a wajen miƙa aiki da abin da ya tarar a rubuce. A ganina ma'aunin ingancin rubutun nas ke nan: idan wanda ya gaje ta ya buɗe kundin, ya gane cikin 'yan mintuna halin da mutumin yake ciki, abin da ya canza tun jiya, abin da aka yi masa, da abin da ake jin tsoron ya faru. Koken ba sabo ba ne. Tun a 1863 Florence Nightingale, wadda ake ɗauka a matsayin uwar aikin jinya na zamani, ta yi ƙorafin cewa ta nemi bayanan asibitoci ko'ina amma da ƙyar ta samu waɗanda za su yi amfani wajen kwatanta sakamakon jinya.

Ba na musun alherin da kwamfuta ta kawo. Ta raba mu da rubutun hannu da ba ya karantuwa, ta raba mu da foldar da ta ɓata a hanyar ɗakin tiyata, ta sa likita da nas da mai ba da magani suna iya duba kundi ɗaya a lokaci ɗaya daga wurare daban-daban. A inda aka haɗa ta da na'urar da ake haska abin hannun marar lafiya da kwalin magani kafin a ba shi, an ga amfani ƙarara, domin wani bincike da aka yi a wani babban asibiti a birnin Boston na Amurka, wanda aka buga a 2010, ya nuna kurakuran ba da magani, ban da na saɓa lokaci, sun ragu da kusan kashi 41 cikin ɗari. Sai dai kwamfutar ta zo da nata cututtukan, kuma sun fi na takarda wuyar ganewa, saboda shafin kwamfuta kullum tsaf yake, ko da abin da ke cikinsa ba daidai ba ne.

Babbar cutar ita ce kwafo rubutun jiya a manna shi a shafin yau. Manhajoji da yawa suna ba da damar a jawo bayanin da ya gabata da dannawa ɗaya, wasu ma suna cike guraben da kansu da amsar cewa komai lafiya, sai dai in nas ta canza. An yi haka ne don a rage mata wahala, amma sakamakonsa shi ne ka buɗe kundin tsohon da ya shafe mako a kwance ka tarar kullum an rubuta fatar bayansa lafiya lau, sai ranar da aka juya shi da kyau a ga gyambon kwanciya ya riga ya ci. Ka tarar an rubuta robar fitsari tana aiki alhali an cire ta tun shekaranjiya. Babu wanda ya zauna da niyyar yin ƙarya, amma kundin ya yi ƙarya, kuma wanda ya dogara da shi ya yanke shawara a kan mutumin da ba shi ne yake kwance a gadon ba.

Abin da ya fi damuna a wannan fanni shi ne ƙirga numfashi, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa. Zafin jiki da awon jini da yawan iskar oksijin a jini duk na'ura ce take bayarwa, amma numfashi sai nas ta tsaya ta zuba wa ƙirjin marar lafiya ido tana ƙirgawa, kuma idan ana son awo mai kyau sai ta cika minti guda, ba tare da shi ya lura ana ƙirga masa ba, domin da zarar ya lura zai canza yadda yake ja. Minti guda yana da tsawo ga wadda gadaje da yawa suke jiran ta. Masu bincike da suka duba dubban kundaye a Amurka sun tarar lambobin numfashi da aka shigar sun taru a kan 18 da 20 fiye da yadda hankali zai ɗauka, abin da ke nuna cewa sau da yawa kintata ake yi. Alhali kuwa saurin numfashi yana cikin alamun da suke fara nuna jiki ya soma rikicewa, tun kafin awon jini ya faɗi. A Birtaniya, Kwalejin Likitoci ta Landan ta fitar da wani tsarin maki na gargaɗin gaggawa a 2012, ta sabunta shi a 2017 da sunan NEWS2, inda ake haɗa numfashi da oksijin da awon jini da bugun jini da zafin jiki da yadda hankalin mutum yake, a fitar da jimla. A wannan tsari numfashi 12 zuwa 20 a minti ba shi da maki, 21 zuwa 24 maki biyu ne, 25 zuwa sama kuma maki uku ne, wanda shi kaɗai ya isa a kira a duba mutum da gaggawa. Jimlar maki biyar tana nufin a hanzarta, bakwai kuwa tana nufin a kira ƙwararrun gaggawa nan take. To, idan mutum yana numfashi 26 aka shigar masa 20, an share masa maki uku ke nan, kwamfutar da aka saya don ta yi ƙararrawa za ta yi shiru, kuma ba laifinta ba ne, domin abin da aka ba ta shi ta lissafa.

Lokacin shigar da bayani ma haka yake da nauyi. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin kwanciya ya san guntuwar takardar da nas take sakawa a aljihu, ko bayan hannun da take rubutawa a kai, tana tara awon gado bayan gado da niyyar idan ta samu sarari ta zauna gaban kwamfuta ta zuba su gaba ɗaya. Sararin kuwa sau da yawa ba ya samuwa sai dab da tashi aiki. Ke nan awon da aka yi ƙarfe goma na safe ba zai bayyana ba sai ƙarfe biyu na rana, likitan da ya duba kundin da tsakar rana ya ga bayanin asuba ya ɗauka lafiya ake, ga kuma haɗarin a saka awon gado na huɗu a kundin gado na biyar. Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Birtaniya ta tanada a kundin ɗa'arta na 2015 cewa a rubuta bayani a lokacin da abu ya faru ko da zarar an samu hali bayansa, a kuma nuna idan an rubuta shi daga baya ne. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, amma ba za ta yi aiki ba a ɗakin da kwamfuta ɗaya ce a kan tebur nas biyar suna layi a kanta tare da likitoci. Maganin shi ne na'ura ta je bakin gado, ko ta hannu ko wadda ake turawa a kan keke, shiga cikinta kuma ya zama mai sauri, kuma a inda hali ya yi a haɗa na'urorin awo da kundin kai tsaye, nas ta duba ta tabbatar kawai. Idan kuma dole ta sa an makara, to a rubuta ainihin lokacin da aka yi awon, a bar manhaja ta nuna lokacin da aka shigar, kada a yi ƙoƙarin ɓoye tazarar.

Malam Edita, akwai wata magana da ake koya wa kowace ɗalibar jinya, cewa abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. An ƙirƙiro ta ne don a nuna muhimmancin rubutu, musamman idan magana ta kai gaban kotu ko kwamitin bincike, amma ta haifar da wata ɗabi'a da ta cutar da aikin. Kowane sashe na asibiti da yake son ya kare kansa sai ya nemi a ƙara masa gurbi a shafin nas: masu kula da inganci su ƙara nasu, masu lissafin kuɗi su ƙara nasu, masu yaƙi da yaɗuwar cuta su ƙara nasu, lauyoyi su ƙara nasu, kuma da wuya ka ji an cire ko ɗaya. A ƙarshe nas tana amsa tambaya ɗaya a wurare uku, tana latsa akwatunan da babu mai buɗe su har abada, bayanin da yake da amfani kuma ya nutse a cikin tarin da ba shi da amfani. Wadda aka ɗora wa guraben da suka fi ƙarfin lokacinta dole ta yi ɗayan biyu, ko ta rage lokacin da take tsayawa a bakin gado, ko ta cike guraben da ka. Wani bincike da aka yi a asibitocin Ingila, wanda aka buga a 2014, ya nuna kashi 86 cikin ɗari na ma'aikatan jinyan da aka tambaya sun ce a zuwansu aiki na ƙarshe sun bar aƙalla abu ɗaya na kulawa ba su yi ba saboda ƙarancin lokaci, kuma abin da aka fi bari shi ne zama a yi magana da marar lafiya a kwantar masa da hankali, sai ilimantar da shi, sai sabunta tsarin jinyarsa. Duk shugaban asibitin da yake son rubutu mai inganci ba tare da ya duba yawan marasa lafiyan da ya ɗora wa nas ɗaya ba, bai fara gyaran ba tukuna.

Akwai waɗanda suka gwada ragewa, kuma sun ga amfani. A jihar Hawai ta Amurka, wani rukunin asibitoci huɗu ya buɗe ƙofa a 2017 ga ma'aikatansa su kawo duk wani abu da suke shigarwa a kwamfuta wanda suke ganin ba shi da ma'ana ko an tsara shi ba daidai ba. Daga cikin abin da aka gano akwai dannawa guda ɗaya da ake yi a lokacin zagayen kowace awa, wadda aka ƙiyasta tana cinye kimanin awa 1,700 na lokacin ma'aikatan jinya a kowane wata, aka kuma cire ta. A 2021 masana daga jami'o'in Columbia da Vanderbilt tare da ƙungiyar masana bayanan lafiya ta Amurka sun yi taro suka sa wa kansu burin rage nauyin rubutun ma'aikatan lafiya zuwa kashi 25 cikin ɗari na yadda yake, cikin shekara biyar. Abin koyi a nan shi ne tambayar da suka yi wa kowane gurbi: wa yake karanta shi, wace shawara ake yankewa da shi, kuma me zai samu marar lafiya idan aka cire shi. Gurbin da ba shi da amsa ga waɗannan ya kamata ya tafi.

Idan aka rage tarkacen, sai a samu sararin abin da akwati ba ya iya ɗauka, wato bayanin nas da kalmominta. Ina ganin wannan shi ne ɓangaren da kwamfuta ta fi raunatawa, domin an saba da latsawa har an manta da yadda ake ba da labarin marar lafiya a taƙaice. A kwatanta rubutu biyu a kan mutum ɗaya da aka yi wa aikin ciki. Na farko ya ce marar lafiya ya ɗan koka da ciwo, an sanar da likita. Na biyu ya ce ƙarfe 2:10 na dare ya ce ciwon cikinsa ya ƙaru, ya ba shi maki 8 cikin 10 alhali da yamma 4 ne, cikin ya kumbura ya yi tauri, bugun jini 118, numfashi 26, fitsari mililita 60 cikin awa huɗu, an kira likitan da ke bakin aiki ƙarfe 2:15, ya ba da umarnin a ɗebi jini a ƙara ruwa kuma yana tafe, za a sake awo bayan minti 15. Na biyun bai ɗauki fiye da minti biyu ba wajen rubutawa, amma duk wanda ya karanta shi ya san abin da aka gani, wa aka gaya wa, da wane lokaci, me ya ce, da abin da ya rage a yi. Tsarin da ake kira SBAR, wanda asibitocin Kaiser Permanente suka yaɗa a farkon shekarun 2000 bayan an aro shi daga sojojin ruwan Amurka, wannan jeri yake koyarwa: halin da ake ciki, abin da ya gabata, abin da nas ta fahimta, da abin da take so a yi. Kashi na uku shi ne wanda ƙananan ma'aikata suke jin nauyin rubutawa, suna ganin fahimta aikin likita ce. Ya kamata a ƙarfafa musu gwiwa su rubuta damuwarsu ƙarara tare da dalilinta. Masu bincike a Jami'ar Columbia sun nuna cewa idan nas ta fara yawaita awo da ƙarin bayani a kan wani marar lafiya fiye da yadda aka umarce ta, hakan kan zama alamar jikinsa yana shirin rikicewa tun kafin lambobin su nuna, har suka gina manhajar gargaɗi a kan wannan ɗabi'a. Ke nan idon nas da zuciyarta bayani ne na asibiti, kuma asara ce a tsara kundin da ba shi da wurin ajiye su.

Kalmomin da ake zaɓa ma suna da tasiri. A rubuta abin da aka gani da abin da aka ji, a bar yanke wa mutum hukunci. Idan aka rubuta cewa marar lafiya mai taurin kai ne, ko yana raki, wannan lakabi zai bi shi daga aiki zuwa aiki, har ranar da ciwonsa na gaske zai taso a ƙi ɗaukar sa da muhimmanci. Ya fi kyau a ce ya ƙi shan maganin ƙarfe takwas, ya ce yana sa shi jiri, an sanar da likita. A Amurka tun daga Afrilun 2021 doka ta ba marasa lafiya damar ganin yawancin bayanan da aka rubuta a kansu ta intanet, kuma ko a inda babu irin wannan doka, ya dace a rubuta abin da ba za a ji kunya ba idan mai shi ya karanta. Haka nan gajerun alamomi. A 2004 hukumar tantance asibitoci ta Amurka ta fara tilasta jerin alamomin da ta hana amfani da su, ciki har da harafin U a madadin ma'aunin insulin, allurar masu ciwon suga, saboda ana karanta shi a matsayin sifili sai 4 ta koma 40, da rubuta 1.0 wanda ake karantawa 10 idan ɗigon bai fito ba, da rubuta .5 ba tare da sifili a gaba ba. Kwamfuta ta rage wannan haɗari a guraben magani, amma yana nan a wurin da nas take buga bayani da kalmominta. Game da daidaita sunayen matsalolin jinya kuwa, akwai jeri irin na NANDA, wata ƙungiyar masana jinya, da na Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya, kuma suna da amfani wajen tattara alƙaluma, muddin aikin daidaitawar yana gudana a bayan manhaja ba tare da an mai da nas mai farautar kalma a cikin dogon jeri ba.

Rubutu mai kyau da ba a karanta ba shi ma bai yi amfani ba, kuma akwai misali mai ciwo a kan haka. A daren 25 ga Satumbar 2014 wani mutum da ya taho daga Laberiya ya je wani asibiti a birnin Dallas na Amurka da zazzaɓi da ciwon ciki, a daidai lokacin da cutar Ebola take ɓarna a Afirka ta Yamma. Nas ta tambaye shi, ya ce daga Afirka ya zo, ta kuma shigar da wannan a kundinsa, amma aka sallame shi da maganin ƙwayoyin cuta. Ya dawo a motar asibiti ranar 28 ga watan, aka tabbatar Ebola ce, ya rasu ranar 8 ga Oktoba, ma'aikatan jinya biyu da suka kula da shi kuma suka kamu, ko da yake sun warke. Da farko asibitin ya ce tsarin manhajar ne ya raba shafin nas da na likita, washegari ya janye maganar ya ce bayanin yana inda kowa zai iya gani. Ko wanne ne daidai, bayanin da ya fi kowane muhimmanci a daren yana rubuce, amma bai kai ga wanda zai yanke shawara ba. Darasi biyu nake ɗauka daga nan. Masu tsara manhaja su sa muhimman abubuwan da nas ta gano su fito a shafin da likita yake fara buɗewa, ita kuma nas kada ta ɗauka shigar da abu a kwamfuta ya sauke mata nauyin faɗa da baki. Likitoci ma su mai da karanta bayanan jinya wani ɓangare na zagayensu, domin babu abin da yake kashe wa mutum himmar rubutu kamar ya san babu mai dubawa.

Akwai wasu abubuwa biyu da zan taɓa a gurguje. Na ɗaya, lambar sirri amana ce, kuma duk abin da aka shigar da sunanki ke za a tambaya, saboda haka ba da aron ta ko barin shafi a buɗe haɗari ne ga nas da kuma sirrin marar lafiya, kamar yadda leƙa kundin wanda ba ke kike jinyarsa ba cin amana ne ko da ɗan'uwanki ne, manhaja kuma tana ajiye sawun duk wanda ya shiga. Na biyu, kwamfuta tana tsayawa. A watan Mayun 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya rikita asibitoci da dama a Ingila har aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Dole kowane ɗaki ya kasance da takardun ko-ta-kwana, ma'aikata su san yadda ake cike su, a kuma san wanda zai mayar da bayanan cikin kwamfuta idan ta dawo.

Horon da ake ba ma'aikata idan an kawo sabuwar manhaja yawanci ya tsaya ne a kan inda ake latsawa. Abin da ya kamata a koyar, tun daga makarantun jinya, shi ne yadda ake tunani a rubuce: ɗaliba ta duba marar lafiya, ta rubuta, a ba wata ɗalibar da ba ta gan shi ba ta karanta ta faɗi abin da ta fahimta, a ga inda saƙon ya yanke. Binciken kundaye da shugabannin ɗakuna suke yi shi ma yana buƙatar sauyi, domin idan ƙirga guraben da aka cike kawai ake yi, to za a samu gurabe cikakku da bayanai marasa gaskiya. A ɗauki kundaye kaɗan a je bakin gado a gwada abin da ke rubuce da abin da ido ya gani, a zauna da ma'aikata a tattauna ba tare da tozarta kowa ba. Wadda ta san za a ci mutuncinta idan ta rubuta cewa ba ta samu damar juya marar lafiya ƙarfe biyu ba, za ta latsa cewa ta juya shi, asibitin kuma ya rasa hanyar sanin cewa ma'aikatansa sun yi kaɗan. Ya kamata kundin ya ba da wurin rubuta ba a yi ba tare da dalili, shugabanni kuma su karɓi wannan a matsayin bayani mai amfani. Wannan bai hana a hukunta wanda ya ƙirƙiri awon da bai yi ba da gangan, domin wannan laifi ne babba a aikinmu.

Sannan a sa ma'aikatan jinya na bakin gado a teburin da ake zaɓar manhaja da tsara shafukanta, tun kafin a sa hannu a kwangila, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsarin haska lambar magani da na ambata a baya, wata nas ce mai suna Sue Kinnick ta kawo shawararsa a asibitin tsofaffin sojoji da ke Topeka a jihar Kansas a shekarun 1990, kafin ya bazu zuwa sauran asibitocin tsofaffin sojojin Amurka. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da suke sauraren magana su tsara bayani da kansu sun fara shiga asibitoci. Za su iya rage wahalar bugawa, amma suna iya saka abin da ba a faɗa ba ko su tsallake abin da aka faɗa, don haka dole nas ta karanta kowane layi kafin ta amince da shi, dole kuma a ba ta lokacin karantawar.

Roƙona ga shugabannin asibitoci da shugabannin sashen jinya shi ne su ware lokaci su tsaya a bayan nas guda tun daga karɓar aiki har miƙa shi, su ƙirga shafukan da take buɗewa da tambayoyin da take maimaita amsawa, su lura da tazarar da ke tsakanin yin awo da shigar da shi, sannan su koma da jerin abin da za a cire da abin da za a matso da shi bakin gado. Hukumomin da ke ba da lasisin aikin jinya kuma su sa rubutun kundin kwamfuta cikin jarrabawarsu da horon sabunta lasisi. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya, maza da mata, ina roƙon mu cika mintin nan guda na ƙirga numfashi, mu kuma karanta duk abin da manhaja ta jawo mana daga jiya kafin mu sa sunanmu a ƙarƙashinsa.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya